Fam-akshan da iyakar harsashi: me ya kamata doka ta duba?

Bakano a Kanada:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana cin raina, kuma na san a nan akwai mafarauta, akwai lauyoyi, akwai waɗanda suka ga ɓarnar bindiga da idonsu. A nan Kanada, idan raifil ce babba mai ɗora wa kanta harsashi bayan kowane harbi, doka ba ta yarda magazin ɗinta, wato akwatin da ake jera harsasai a ciki, ya wuce harsashi 5 ba, na ƙaramar bindiga kuma 10. An tsaurara haka ne bayan kisan mata 14 a makarantar injiniyanci ta Montreal a Disambar 1989. Amma idan fam-akshan ce, wadda sai ka ja mariƙin gaba ka tura da hannunka kafin wani harsashi ya hau, wannan iyakar ba ta hau kanta ba. Birtaniya kuwa tun 1988 ta haramta raifil ɗin fam-akshan ɗungurungum, in ban da 'yar ƙaramar nan mai lamba .22.

Ni dai ra'ayina shi ne, bin yadda ake ɗora harsashi ɓata lokaci ne. Abin da ya kamata doka ta sa wa ido shi ne harsashi nawa mutum zai iya fitarwa kafin dole ta sa ya tsaya ya sake zubi. A bar wa manomi da maharbi fam-akshan ɗinsa, a matse magazin. Me kuka gani?

Tsohon Maharbi:
Wa alaikumus salam ɗana. Kafin a shiga doka bari in faɗi abin da hannuna ya sani. Mu da bindigar toka muka tashi, ka ɗura albarushi, ka danna, ka harba sau ɗaya, in ba ka samu ba sai ka nemi inda za ka fake. Daga baya mai baki biyu ta zo. Fam-akshan ta fi su duka a wajen mai shiga daji, kuma dalilin a fili yake: hannunka ne injin. Bindigar da ke ɗora wa kanta harsashi da ƙarfin hayaƙi ko bugun harbin farko take aiki, in katirij ɗin, wato harsashin da ke cike da ƙwayoyin dalma, mai rauni ne, ko ya sha danshin damina, ko ƙurar hunturu ta shiga cikinta, sai ta maƙale maka a lokacin da ba ka so. Ita wannan ko wane irin katirij ka ba ta za ta ci. In ɗaya ya ƙi tashi ka ja ka fitar da shi, na biyu ya hau. Kumatunka na kan gindin bindiga, idonka na kan naman, ba sai ka sauke ta ba.

Amma tana da nata aibin, kada a ɓoye. Wanda tsoro ya kama ba ya kai mariƙin ƙarshe, sai ya ja rabi ya tura, ya danna kunama ya ji shiru. Kuma tana dukan kafaɗa fiye da mai ɗora wa kanta. Wanda bai saba da ita ba kada ya ce ranar da gwanki ko mugun dawa ya taso masa zai koya, ba a fafe gora ranar tafiya.

Bakano a Kanada:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Abin da ka faɗa shi ya sa fam-akshan ɗin nan ƙirar Amurka, Remington 870, ta yi suna. Tun 1950 ake ƙera ta, an sayar da fiye da miliyan 10. Mossberg 500 ma na nan a bayanta.

Malamin Tarihi:
Malam Bakano, akwai abu biyu da ake cakuɗawa a nan, kuma dokokin da ka kawo sun raba su. Wadda Baba yake magana a kai bindigar katirij ce, bututunta sumul yake a ciki, tana watsa ƙwayoyin dalma, kuma ƙarfinta bai wuce 'yan mitoci arba'in ba in da manyan ƙwayoyi ne. Ita kuwa raifil bututunta na da tsaga a ciki mai juya harsashi, harsashi ɗaya take fitarwa amma yana tafiya ɗaruruwan mitoci. Dukansu ana yin su da fam-akshan. A Amurka, jihar Fensilbeniya ta daɗe da hana farautar barewa da raifil mai ɗora wa kanta, shi ya sa mafarautan can suka rungumi Remington 760 da 7600, raifil ne masu ja-da-tura. Ka ga doka ce ta samar wa bindigar kasuwa.

Ostireliya ta fi ban mamaki. Bayan wani ya kashe mutum 35 a Port Arthur da ke Tasmaniya ranar 28 ga Afrilun 1996, Firaminista John Howard ya haɗa jihohi suka yi yarjejeniya cikin makonni biyu. Aka jefa bindigar katirij ta fam-akshan cikin rukunin da sai manomi ko mai wata sana'a ta musamman ke samun lasisinsa, kuma kada ta wuce katirij 5. In ta wuce haka ta shiga rukunin da kusan ba mai samu. Gwamnati ta saye bindigogi kimanin dubu 650 ta lalata. To amma raifil ɗin fam-akshan, wadda ta fi nisan zango nesa ba kusa ba, yarjejeniyar ta bar ta a rukunin da maharbi na yau da kullum ke mallaka. Sai masu saye suka karkata can, har da Remington 7615 wadda ke karɓar magazin irin na AR-15, raifil ɗin Amurka mai ɗora wa kanta. Daga baya a 2015 aka sake rikici a kan Adler, bindigar katirij ƙirar Turkiyya mai ɗaukar 7, wadda ake ɗora mata harsashi da wani mariƙin ƙarfe da ke ƙasanta, a ja shi ƙasa a mayar. Tunda ba fam-akshan ba ce, ta zame ta ƙarƙashin dokar 1996. Sai da aka dakatar da shigo da ita aka koma teburi.

Bakano a Kanada:
To ai Malam ka ba ni hujja. Duk dokar da aka rubuta da sunan salon bindiga, maƙera za su ƙero wani salon su zagaye ta. Lamba kuwa ba a zagaye ta. Biyar biyar ce.

Maman Ihsan:
Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Ingila, ba na riƙe bindiga kuma ba na sha'awa. Amma Yaya Bakano, kana magana kamar fam-akshan abin tausayi ce da aka zalunta. A Agustan 2021 a Plymouth, wani saurayi ya kashe mutum biyar, ciki har da mahaifiyarsa da yarinya 'yar shekara uku, da bindigar katirij ta fam-akshan mai lasisi. A nan dokar lasisin bindigar katirij na yau da kullum biyu ta yarda a ciki, ɗaya a baki, uku ke nan. Iyakar ba ta ceci yarinyar ba. Abin da ya fito a binciken shi ne an taɓa karɓe bindigar saboda ya yi wa wasu duka, sannan aka mayar masa. Wato matsalar ba ta lamba ba ce, ta wanda aka miƙa wa ce.

Bakano a Kanada:
Gaskiya ne Hajiya, kuma Allah ya kiyaye. Ban ce iyaka tana hana kisa ba. Cewa na yi tana rage yawan waɗanda za a kashe kafin a samu damar kama mutum.

Ɗan Gusau:
Ku yi haƙuri in shigo. Ina karanta ku ina jin zuciyata na tafasa. Kuna lissafin biyar da goma, mu a nan wanda zai shigo ƙauye da dare AK-47 ce a kafaɗarsa, magazin ɗaya harsashi 30, wani ya ɗaure biyu da salatif ya juya kawai. Daga nisan mita ɗari biyu ko uku yake harbi. Ɗan banga na tsaye da bindigar toka, in ya yi sa'a fam-akshan mai katirij biyar ko bakwai wadda ba ta kaiwa inda ɗan bindigar yake. Wa dokar iyakar harsashi za ta kama a nan? Mai bin doka kawai. Ɓarawon daji bai taɓa zuwa neman lasisi ba.

Baristan Zariya:
Malam na Gusau, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Bari in faɗi abin da dokarmu ta ce, don mutane da yawa suna ɗauka fam-akshan halas ce a Najeriya in dai kana da takarda. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau ita ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko haramtattu ne sai da lasisin shugaban ƙasa: bindiga mai jigida, raifil ɗin soja, ƙananan bindigogi, da duk wadda ba a ambata a sauran kashi biyun ba. Kashi na biyu na Sufeto Janar ne, a nan bindigar katirij take, amma dokar ta cire mai sarrafa kanta, da mai ɗora wa kanta, da duk wadda aka sanya mata wata na'urar sake ɗora harsashi. Kashi na uku su bindigar toka, na kwamishinan 'yan sanda na jiha. Wannan jimlar ta na'urar sake ɗorawa ita ce ta kama fam-akshan. Shi ya sa a 2018, lokacin Sufeto Janar Ibrahim Idris, da 'yan sanda suka ba da umarnin tattara haramtattun makamai, suka lissafa fam-akshan kowace iri a ciki. A 2023 kuma Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya ce an dakatar da ba da lasisin bindiga.

Ku lura da wani abu: dokarmu ta tsaya a kan salon bindiga, irin abin da Malam Bakano ke suka. Mai baki biyu ta wuce, fam-akshan mai katirij uku ta faɗi, alhali bambancinsu harbi ɗaya ne.

Ɗan Gusau:
To Barista, da Gwamna Matawalle ya ce a watan Yunin 2022 mutanen Zamfara su nemi lasisi su mallaki bindiga fa?

Baristan Zariya:
Gwamna ba shi da wannan ikon, makamai na cikin abubuwan da tsarin mulki ya keɓe wa tarayya. Babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya faɗi haka. Masari ma ya yi irin wannan kiran a Katsina a 2021. Magana ce ta ɓacin rai, ba ta canza harafi ɗaya a doka ba. Abin da jihohi suka koma yi shi ne kafa rundunoninsu, kamar jami'an tsaron al'umma na Katsina a 2023 da Askarawan Zamfara a farkon 2024, kuma su ma ba su da ikon ba wa kansu izinin riƙe AK.

Malamin Tarihi:
Kuma haramcin bai hana shigowa ba. A 2017 kaɗai kwastan sun kama fam-akshan 2,671 a Legas a kamu huɗu: 661 a Janairu, 440 a Mayu, sai 1,100 da 470 a Satumba, akasarinsu daga Turkiyya. A 2024 aka sake kama bindigogi 844 da harsasai 112,500 a tashar Onne ta jihar Ribas. Wannan wanda aka kama ke nan.

Bakano a Kanada:
Malam na Gusau, ina jin zafin maganarka, kuma ba na cewa a kwaso dokar Kanada a dasa a Zamfara. Inda hukuma ba ta iya hana AK yawo a daji ba, iyakar magazin ba ita ce maganin farko ba. Amma bari in kare maganata a inda take aiki. Ranar 8 ga Janairun 2011 a Tucson ta jihar Arizona, wani ya buɗe wuta a taron 'yar majalisa Gabrielle Giffords da ƙaramar bindiga mai magazin na harsashi 33. Mutum shida suka mutu. Yaushe aka kama shi? Lokacin da magazin ya ƙare yana ƙoƙarin sa wani, mutane suka danne shi, wata dattijuwa ta fizge magazin ɗin. Da 10 ne a ciki, wannan damar da ta zo tun harsasai 23 ba su fita ba. A Las Begas kuma, 1 ga Oktoban 2017, mutum ɗaya ya harba harsasai fiye da 1,000 cikin kamar minti goma daga tagar otal, da magazin masu ɗaukar har 100. Ba mai iya wannan da bindigar da ake zuba wa katirij ɗaya-ɗaya ta ƙasa.

Kuma 'yan uwanmu na Christchurch a Niyu Zilan. Ranar Juma'a 15 ga Maris 2019 aka kashe musulmi 51 a masallatai biyu. Lasisin maharin na talakawan mafarauta ne, ya sayi bindigoginsa bisa doka, sannan ya sayi manyan magazin waɗanda a lokacin ba a tambayar kowa takarda kafin a sayar masa. Wannan ɓarakar ce ta mayar da bindigar farauta makamin yaƙi. Ba a cika wata guda ba majalisar Niyu Zilan ta yi doka da ƙuri'a 119 a kan 1. Kuma ku duba abin da suka yi da fam-akshan ta katirij: ba su hana ta ba, cewa suka yi kada bututun ajiyarta ya wuce 5, kuma kada ta zama mai magazin da ake cirewa. Wannan shi ne abin da nake kira a kai.

Injiniya Ba-Damagare:
Sannunku. Ni ina da ja a kan Tucson. Misali ɗaya ba ya zama ƙa'ida. A jami'ar Virginia Tech a 2007 an kashe mutum 32 da ƙananan bindigogi biyu, magazin ɗinsu na 10 da na 15 ne, ya cika jaka da su yana canzawa. Wanda ya saba, canza magazin daƙiƙa biyu ko uku ne. Sannan Amurka ta gwada abin da kake so. Dokar da Bill Clinton ya sa wa hannu a 1994 ta hana ƙera magazin da ya wuce 10, ta yi shekara goma ta mutu a Satumban 2004. Amma ta bar duk waɗanda aka riga aka ƙera a hannun jama'a, miliyoyi, ana saye ana sayarwa. Magazin ba abu ne mai wahala ba, akwati ne da sifirin a ciki, ba ya ruɓewa. Kuma mafi yawan kisan bindiga a can da ƙaramar bindiga ake yi, harbi kaɗan, fiye da rabin masu mutuwa da bindiga ma kansu suka kashe. Iyakar magazin ba ta taɓa waɗannan ba.

Bakano a Kanada:
Injiniya, abin da ka faɗa a kan 1994 ya nuna an yi dokar da rami ne, bai nuna iyakar banza ce ba. Ostireliya da Niyu Zilan da suka hana, sai suka biya kuɗi suka karɓe. Na yarda ba ta shafi yawancin kisa ba. An yi ta ne don irin ranar da mutum ɗaya ya shiga masallaci ko makaranta. Kuma daƙiƙa biyun da kake faɗa ta wanda ke tsaye a filin atisaye ce. Wanda mutane ke gudu a gabansa, hannunsa na rawa, magazin na faɗuwa. A nan ma fam-akshan mai bututu ta fi kwantar da hankali, domin babu akwatin da za a cire a sa wani, sai an tura katirij ɗaya bayan ɗaya.

Injiniya Ba-Damagare:
To amma a 2013 a sansanin sojan ruwa na Washington, da Remington 870 aka kashe yawancin mutum 12 da suka mutu. Ita ce dai wannan da kuke yabo.

Maman Ihsan:
Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu.

Tsohon Maharbi:
'Yata, ba wanda ya ce ba ta kisa. Bindiga ce. Katirij ɗaya na manyan ƙwayoyi dalma tara ne a ciki, a kusa babu abin da ya fi shi muni. Amma bari in tambayi masu cewa iyaka zalunci ce ga maharbi: wane maharbi ne ke buƙatar harsashi talatin? Naman da ka harba sau biyu ba ka samu ba ya riga ya shige kurmi. Na uku na tsaron kai ne ko na ƙarasa wanda ka raunata don kada ya wahala. Duk wanda ya ce sai da talatin zai yi farauta, ba nama yake nema ba.

Malamin Tarihi:
Baba, maganarka ta yi daidai da dokar Amurka kanta. Tun 1935 mai farautar agwagin ruwa da sauran tsuntsaye masu ƙaura ba ya sa fiye da katirij uku, dole ya toshe sauran bututun da ɗan katako ko roba. Mafarauta sun yi fiye da shekara tamanin suna bi. Rigimar tana tasowa ne idan aka zo maganar kare kai, domin kotun ƙolinsu ta ce a 2008 mallakar bindiga haƙƙin mutum ne a karan kansa, a 2022 kuma ta ce duk wani taƙaitawa sai ya dace da tarihin dokokin ƙasar. Shi ya sa jihohi suka rabu: Kalifoniya 10, Kolorado 15 tun 2013, Niyu Yok ta gwada 7 a 2013 kotu ta soke aka koma 10, jihohi da yawa kuma babu iyaka ko kaɗan.

Ɗan Gusau:
Duk na ji. Ni tambayata ɗaya ce. Mutumin da ke kwana a gona, aka kwashe masa shanu, aka ɗauke masa mata, me za ku ce masa? Ya riƙe gora?

Maman Ihsan:
Malam, wallahi ba na raina halin da kuke ciki, ina da dangi a Birnin Gwari. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, bindiga a hannun 'yan sa-kai ma ta zubar da jinin da bai ji ba bai gani ba. An kama mutane a kasuwa an kashe don kawai Fulani ne, kuma wannan na cikin abin da ya hura wutar. In aka buɗe ƙofa kowa ya sayi fam-akshan, rikicin gona da kiwo da a da ake yi da sanda, da me za a yi shi? Faɗan siyasa fa? Mijin da ke dukan matarsa fa?

Baristan Zariya:
Hajiya, ƙofar a buɗe take tun tuni, ta baya ce kawai. Bindigogin suna hannun mutane, babu rajista, babu wanda ya san lambarsu, babu wanda ya duba lafiyar hankalin mai riƙe da su. In ni ne mai gyara dokar 1959, zan cire wannan jimlar ta na'urar sake ɗorawa in sa lamba a madadinta: bindigar katirij ta fam-akshan mai bututun da bai wuce 5 ba ta shiga kashi na biyu a fili, mai magazin da ake cirewa ta zauna a haramtattu. Lasisi ya zama sai da shaidar mai unguwa da hakimi, da binciken 'yan sanda, da takardar likita, a riƙa sabuntawa, kuma duk wanda aka kama da dukan iyali ko faɗan daba a karɓe ba mayarwa. A rubuta katirij nawa aka sayar wa kowa. Na 'yan banga kuma kada ya kwana a gidan kowa, a ajiye a ma'ajiya ɗaya, a sa hannu a ɗauka a sa hannu a mayar.

Ɗan Gusau:
Barista, ma'ajiya ɗaya a ƙauyen da ofishin 'yan sanda mafi kusa ke da nisan tafiyar awa biyu a babur? Ranar da ɓarayi suka san ɗakin, nan za su fara zuwa, su kwashe duka a dare ɗaya. Sun fasa wuraren da ke da masu gadi ma balle ɗakin mai gari. A bar kowa da tasa a gidansa, a rubuta sunansa da lambarta, in harbi ya fita a san wanda za a tambaya.

Tsohon Maharbi:
A nan ina bayan ɗana na Gusau. Mu a ƙungiyar mafarauta haka muke yi tun zamanin iyayenmu, sarkin baka ya san bindigar kowa, ya san wanda hannunsa ke da sauri, kuma in ya ce wane ba zai fita da bindiga ba, ba zai fita ba. Barista, in za ku rubuta, ku sa sarkin baka cikin masu ba da shaida. Shi ya san yaran da bai kamata a ba su ko baka da kibiya ba.